Makarantar koyon sarrafa mota: me ake koyarwa, kuma me zan shirya?

Sabon_Hannu:

Assalamu alaikum jama'a. Ina da lasisi kuma ina tuƙi yau da gobe, sai dai tuƙin je-ka-ka-dawo ne. Abin da mota ke yi idan ta ƙwace, ban san shi ba. Ina son shiga irin makarantun nan da ke koyar da sarrafa mota a killataccen fili, inda ake jiƙa kwalta a jefa mutum cikin santsi da gangan. Me ake yi a wurin daga safe zuwa yamma? Da motata zan je, ko ta makaranta ta fi? In da tawa ce, me da me zan duba kafin ranar? Motar mai jan gaba ce, otomatik, tana da ABS (na'urar hana taya cijewa in an taka birki) da ESC (na'urar hana mota ƙwacewa). Wani ya ce min sai an kashe ESC ake koyon abin kirki, wani kuma ya ce kada in kuskura. Sannan babbar tambayar: karatun nan yana da amfani a titi, ko wasa ne na masu son gudu? Don Allah masana a warware mana.

Malamin_Fili:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin komai ka san makarantun iri biyu ne, mutane kuma na cakuɗa su. Akwai waɗanda suka karkata ga tsere, irin wadda Bob Bondurant ya buɗe a Amurka a 1968 da ta Skip Barber ta 1975, inda ake koyon layin da ya fi sauri a kwana. Akwai kuma kwas ɗin sarrafa mota, irin wanda ƙungiyar masu motoci ta ADAC ke yi a Jamus, ko wanda kamfanin BMW ya fara a 1977 da Rauno Aaltonen, gwanin tseren rali ɗan ƙasar Finlan, a matsayin babban malami. Na biyun nan kake nema. Gudun da ake yi a cikinsa bai kai yadda kake zato ba. Yawancin darussan tsakanin kilomita 30 ne zuwa 80 a awa, domin an sa wa filin santsi ne don mota ta kai iyakarta tun gudun bai yi nisa ba.

Abu na farko da za a gyara maka shi ne zama. Ka manna ƙugu da baya jikin kujera. Ka take birki iya ƙarfinka: in gwiwarka ta miƙe sak, ka yi nisa, matso da kujera har gwiwar ta ɗan lanƙwashe. Ka ɗora wuyan hannunka a saman sitiyari ba tare da kafaɗa ta rabu da kujera ba. In sai ka yunƙuro, ɗago majingina. Hannuwa a ƙarfe 9 da ƙarfe 3 na agogo. Tsakanin ƙirji da tsakiyar sitiyari kada ya gaza santimita 25 saboda jakar iska. Ƙafar hagu a kan matakin gefe, da ita za ka tokare jikinka. Wanda jikinsa ke zamewa a kujera sitiyari yake ƙanƙamewa don kada ya karkace, kuma hannun da ya ƙanƙame ba ya jin abin da tayoyin gaba ke yi.

Daga nan sai ɗan zaman aji, kuma magana biyu ce. Ta farko, duk nauyin mota a kan wurare huɗu yake, kowanne bai fi faɗin tafin hannu ba. Kowace taya tana da iyakar riƙon da za ta iya, kuma riƙon nan guda ɗaya ake rabawa tsakanin birki, totur da juyawa. In birki ya cinye shi duka, babu sauran na shan kwana. Malamai kan ce ka ɗauka akwai igiya daga ƙasan sitiyari zuwa babban yatsan ƙafarka: kana murza sitiyari igiyar na ɗaga ƙafar, kana warwarewa tana ba ka damar takawa. Ta biyu, komawar nauyi. Ka taka birki, ko ma ka ɗaga ƙafa daga totur kawai, nauyi ya koma gaba, tayoyin gaba su ƙara kama ƙasa, na baya su yi sako-sako. Ka taka totur, abin ya juye.

Darasin birki ne mafi daraja a ganina, kuma shi ɗalibai suka fi rainawa. Za a ce ka taho da kilomita 50 a awa, kana isa tsakanin robobin alama biyu ka tsayar da mota. Kusan kowa a karon farko lallaɓa birkin yake yi: ya taɓa, ya ƙara, sai a ƙarshe ya danna sosai, alhali a mitocin farko ne mota ta fi gudu, a nan ake asarar tazara. Abin da ake so ka buga shi lokaci guda da dukan ƙarfin cinyarka, ka riƙe. ABS zai shiga, feda ta riƙa bugun tafin ƙafarka, ka ji gurnani daga ƙasan mota. Mutane da yawa a nan suke tsorata su saki, suna zaton wani abu ya karye. Ba abin da ya karye, aikinsa ke nan. Kada ka saki, kada ka yi ta famfo. In wannan ya zauna, sai a ƙara gudu, sannan a sa maka shinge a gaba: ka take birki, kuma kana kan birkin ka kauce. Amfanin ABS na gaske ke nan, yana hana taya cijewa, tayar da ta cije kuwa ba ta juya mota ko ka murza sitiyari har ƙarshe. A motar da ba ta da shi aikin ya fi wuya. Taya ta fi kama ƙasa lokacin da take juyawa ƙasa da gudun motar da kamar kashi 10 zuwa 20 cikin 100, to dab da cijewa ake tsayar da ƙafa. In ta cije, a ɗan sassauta da yatsu, ba a ɗaga ƙafar gaba ɗaya ba.

Sai da'irar santsi. Fili ne zagayayye da ake ta fesa wa ruwa, kana zagayawa kana ƙara gudu kaɗan-kaɗan ba tare da ka canza murɗin sitiyari ba. A da'irar da daga tsakiyarta zuwa layinka mita 30 ne, busasshiyar kwalta da taya mai kyau za su riƙe ka har wajen kilomita 60 a awa. In ruwa ya rage riƙon zuwa rabi, wajen 44 ne iyaka. Ka lura da wannan: daga 40 zuwa 44 ƙarin kashi 10 ne na gudu, amma ƙarin kashi 21 na riƙo yake nema. Shi ya sa mota kan yi lafiya lau, a ɗan ƙara kaɗan ta tafi.

A motarka mai jan gaba, zamewar gaba za ka fara gani. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, tayoyin gaba su fara kuka, da'irar ta riƙa faɗaɗa ba da son ranka ba. Abin da jiki ke so ya yi shi ne ƙara murzawa, kuma shi ne kuskuren: tayar ta riga ta wuce kusurwar da take iya kamawa, ƙarin murɗi ƙarin zamewa ne. Ka sassauta totur a hankali nauyi ya dawo gaba, ka ɗan warware sitiyari har ka ji ya sake yin nauyi, ka jira, sannan ka koma layinka. Warware sitiyari alhali mota na fita waje abu ne da hankali ke ƙi, sai an maimaita shi sosai yake zama.

Zamewar baya ita ce a nan gizo ke saƙa. Ana jawo ta ta hanyoyi daban-daban: a ce ka ɗaga ƙafa daga totur farat ɗaya a tsakiyar da'ira, ko a bi da kai ta kan wani faranti na ƙarfe da ke fizgar tayoyin baya gefe guda ba tare da ka san ko hagu ko dama ba, ko a ba ka motar da aka ɗora kan firam mai ƙananan ƙafafu, wanda malami ke ɗaga gaba ko baya da shi. Gyaran mataki uku ne. Na ɗaya, ka murza sitiyari da sauri zuwa inda bayan ke tafiya; da wuri kuma daidai gwargwado ya fi a makare da yawa. Na biyu, ka dakata: akwai ɗan lokaci da bayan ya daina fita amma bai fara dawowa ba, za ka ji shi a ƙugunka. Na uku, ka maido da sitiyari tsakiya da irin saurin da ka murza shi, tun kafin bayan ya gama dawowa. Yawancin masu yin katantanwa na ɗayan suna yin sa daidai, na ukun ne ke kayar da su. Sifirin ɗin gefe guda sun danne, suna sakin ƙarfinsu tayoyin baya na kama ƙasa, sitiyari kuwa yana nan a murɗe, sai motar ta wulla ɗaya ɓangaren da ƙarfin da ya fi na farko.

Ƙafa kuma ta danganta da motar. A mai jan gaba, ɗan taka totur yana mayar da nauyi baya, tayoyin gaba kuma su ja motar ta miƙe. A mai jan baya da totur ya jawo zamewar, sassautawa ake yi a hankali, ba a cire ƙafa kwatsam. In kuwa abin ya wuce gyara, motar ta juya ta ba hanya gefe, daina kokawa: birki har ƙasa, da kuloci in manuwal ce, ka riƙe har ta tsaya cak.

Duk wannan ba ya yiwuwa in ido na wurin da bai dace ba. Hannu inda ido ya kalla yake bi. Ka kalli robar da kake tsoron bugewa, ita za ka buge. In mota ta karkace, hanyar da kake son bi wani lokaci ta gilashin gefe za ka gan ta, to juya kai ka kalle ta can. Za ka ji malami na ta nanata wannan a rediyo har ka gaji da ji.

Mai_Sifana:

Malam ya gama da tuƙi, bari in taɓa ƙarfen. In kwas ne na rana ɗaya a jiƙaƙƙen fili, je da taka. Ita kake tuƙawa kullum, birkinta da nauyinta kake buƙatar sani, kuma ruwa ba ya barin taya ta ci sosai. In kuwa za a shiga da'irar tsere a bushe ana zagaye da gudu, ta makaranta ta fi, don a nan ne birki da taya ke shan wuya. Kuma ka karanta takardar inshorarka tukuna. Da yawansu ba sa biyan abin da ya faru a filin tsere, wasu kuma suna ware kwas ɗin kiyaye haɗari su amince da shi. A ba ka amsar a rubuce.

Man birki nake fara dubawa. Yana tsotsar danshi daga iska, yana tsufa zafin da yake tafasa na sauka. Man aji-aji ne, da lambar DOT ake gane ajinsa: DOT 4 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 na Salsiyos, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. DOT 3 kuwa 205 ne sabo, 140 in ya jiƙe. In naka ya haura shekara biyu, a zubar a sa sabo a fitar da iska. DOT 3, 4 da 5.1 suna haɗuwa, amma DOT 5 na silikon ne, ba a cakuɗa shi da su, kada kamannin lambar ya ruɗe ka. Ka kuma san bambancin mutuwar birki iri biyu. In feda ta yi laushi tana nutsewa ƙasa, man ne ya tafasa, tururi ya shiga layi, tururi kuwa matsuwa yake yi. In feda na nan da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne, wato abin da ke matse faifan birki, ya yi zafi fiye da ƙima. Ko wanne ne, ka rage gudu ka fita.

Fad ɗin kansa kada ya gaza rabi. Sabo kan kai wajen milimita 10 zuwa 12, siriri kuma saurin tura zafi cikin mai yake yi. In za ka canza, ka canza da sauran kwanaki don ya zauna da faifan, kada ka sa shi daren ranar.

Taya: doka a Turai milimita 1.6 ce ƙarancin zane, amma a jiƙaƙƙen fili ƙasa da 3 wahala ce kawai. Dubi lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT a gefen tayar. 2321 na nufin mako na 23 na shekarar 2021. Tsohuwar taya ko zanenta na nan robar ta bushe. Kada a ga kumburi ko tsagewa a gefe. Kuma in biyu ne masu kyau biyu sun ɗan suɗe, masu kyaun a baya ake sa su, ko da motar mai jan gaba ce. Zamewar gaba tana gyaruwa da sauƙi, ta baya ce mai kai mutum daji. Iska kuwa ka auna da sanyi, ka fara da abin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Makarantu da yawa kan ce a ƙara 0.2 zuwa 0.3 a ma'aunin iska na bar don kada gefen tayar ya naɗe a kwana, muddin ba a wuce iyakar da ke jikin tayar ba. Ka ja layi da alli daga zane zuwa gefe. In allin ya goge har kan rubutu, tayar na kwantawa, ko iska ta yi kaɗan ko kana cusa sitiyari fiye da kima. Duk ƙarin zafi na digiri 10 yana ɗaga iska da kamar bar 0.1, saboda haka awon da aka yi da zafi ba a gwada shi da na sanyi.

Baƙin mai ya kai layin sama na sandar awo. A da'ira mai na taruwa gefe guda na kasko, in ya yi ƙasa famfo sai ya zuƙi iska. Ka ga fitilar mai ta ƙyafta, tsaya nan take. Fetur ma haka, kada ya gaza rabin tanki. Notocin taya a ɗaure su da sifana mai awo. Ƙananan motoci galibi tsakanin 110 ne da 140 a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, amma littafin motarka ne alƙali. Batir ya ɗauru da kyau. Ka kwashe komai daga cikin mota da but, har tabarmar ƙafar direba. Gorar ruwa ɗaya in ta gangara ƙarƙashin fedar birki ta isa.

Bayan kowane zango mai zafi, ka yi zagaye guda a hankali ba tare da birki ba don iska ta ratsa. Da ka faka kada ka ja hambirki, kada ka zauna ƙafa na kan birki. Fad mai zafi in ya manne wuri ɗaya yana barin tabo a faifai, daga baya ka riƙa jin karkarwa duk ka taka. Sa giya a P a wuri mai lebur. In hambirkinka na lantarki ne mai kama kansa, nemi yadda ake hana shi tun a gida.

Uwar_Lissafi:

Sannunku da ƙoƙari. Ni babbar tambayar tasa zan ɗauka, don amsarta ba ta kai daɗin da masu tallar makarantu ke nunawa ba.

Ƙasashen arewacin Turai sun gwada abin nan a kan jama'a da yawa. Norwe ta wajabta wa sababbin direbobi darasin tuƙi a santsi, nazarin da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 kuma ya nuna haɗari a kan hanya mai santsi ƙaruwa ya yi a tsakanin samari maza da suka yi darasin. A Suwidin an raba ɗalibai gida biyu a wani gwaji da aka wallafa a 1996: an koya wa wasu dabarar gyara zamewa, wasu kuma aka nuna musu iyakar abin da za su iya. Da aka gwada su, ƙwarewarsu ba ta bambanta ba, amma rukunin farko sun fi ɗaukar kansu gwanaye. Matsalar ke nan. Dabarar hannu ta rana ɗaya tana dusashewa cikin watanni, yarda da kai kuwa tana nan daram, sai mutum ya ƙara gudu a ruwan sama yana ganin ai ya iya. Shi ya sa tsarin da Ostiriya ta shigo da shi a 2003 ya haɗa ranar fili da zaman tattaunawa da masanin halayyar direbobi.

A fili ka san zamewa na zuwa, ba mota a gabanka, ba bishiya, gudun 40 ne, kuma in ka kasa sake zagayowa za ka yi. A titi layinka bai fi mita uku da rabi ba. Motar da ta karkace ta riga ta cika shi.

Abin da ke bin ka gida da gaske lissafin tsayawa ne. A kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa. Kafin ido ya gani ƙafa ta isa birki, daƙiƙa guda ta tafi, sau da yawa fiye. Birkin kansa a busasshiyar kwalta da mota mai lafiya mita 35 zuwa 40 ne. Riƙo ya ragu zuwa rabi, ya koma wajen 80. Gudu in ya ninka biyu, tazarar birki ninki huɗu take yi. Ga wanda ya fi tayar da hankali: motoci biyu a jere, ɗaya na kan 50 ɗaya na kan 60, suka hango abu lokaci guda suka taka birki iri ɗaya. A daidai inda ta 50 ta tsaya cak, ta 60 tana kan wajen 40 tukuna. Makarantar kirki za ta fito da ku daga mota ku tsaya a gefe ku ga wannan da idonku.

Batun ESC kuma. Na'urar tana gwada inda sitiyari ya nufa da yadda motar ke juyawa a zahiri, sau da yawa cikin daƙiƙa. In baya ya fara fita, takan kama birkin tayar gaba ta waje ita kaɗai. In gaba ne ya ƙi juyawa, ta kama ta baya ta ciki, ta kuma rage ƙarfin inji. Kai feda ɗaya gare ka mai kama huɗu tare, ba direban da zai iya abin da take yi. Kamfanonin Bosch da Mercedes suka fito da ita a 1995, ta bazu bayan da ƙaramar motar Mercedes ƙirar A-Class ta kife a gwajin kauce wa dabba a Suwidin a 1997. Amurka ta wajabta ta daga motocin shekarar 2012, Tarayyar Turai kuma ga duk sabuwar mota daga Nuwamban 2014. Don haka ka fara kowane darasi da ita a kunne, ka san yadda take ji in ta shiga, don a haka za ka yi tuƙi a waje. In malami ya ce a kashe a da'irar santsi, a kashe, a ga bambanci, a mayar. A wasu motocin ma maɓallin ba ya kashe ta duka, hana tayoyi kartar ƙasa kawai yake cirewa, wasu kuma da an haura wajen 50 take kunna kanta. A titi ba a taɓa ta, sai in ka kafe a yashi ko laka.

Sabon_Hannu:

Madalla, Allah ya saka da alheri. Saura biyu. Tunda otomatik ce, in koyi taka birki da ƙafar hagu tun yanzu? Kuma ta yaya zan gane makarantar kirki kafin in biya? Hajiya Uwar_Lissafi, maganarki ta ɗan sanyaya min gwiwa, anya ma in je?

Malamin_Fili:

Ka je. Abin da Hajiya ta kawo gaskiya ne, amma ƙorafi ne a kan kwas ɗin da ke sallamar mutum yana jin shi gwani ne. Inda na ɗan saɓa da ita: ko ESC sai direba ya taimake ta. Sitiyari take karantawa ta san inda kake so, in ka daskare kana kallon shinge, ba ta da abin bi. Kuma ba ta ƙirƙiro riƙon da babu. Ka shigo kwana da gudun da ya fi ƙarfin tayoyin, da ita da babu duk waje za ku yi.

Ƙafar hagu, bar ta tukuna. Ba ta saba da awo ba, rana ta farko ko dai ta buga da yawa ko ta kwanta kan feda ba ka sani ba, birki ya yi ta ɗumama. Abin da ya fi wannan amfani shi ne koyon sakin birki. Kowa na iya takawa, sakin ne gwaninta. In ka cire ƙafa farat ɗaya a bakin kwana, hancin mota ya ɗago, tayoyin gaba su rasa nauyi daidai lokacin da kake neman su juya. Ka janye a hankali kana fara murza sitiyari. Masu tsere na jan wannan har cikin kwana don su juya motar, amma kai a titi ka gama yawancin birkinka tun hanya na miƙe.

Za ka ga amfanin laushin hannu a darasin saƙa tsakanin robobi. Galibi mita 18 ake bari tsakaninsu, a gudun 50 kuwa daƙiƙa 1.3 ke nan daga wannan zuwa waccan. Ka makara kaɗan a ta farko, makarar na taruwa, a ta huɗu ko ta biyar sai ka kwashe ta ko baya ya fita. Totur a tsaye wuri ɗaya, ido a kan roba biyu gaba, ka fara juyawa tun kana gefen wadda kake wucewa.

Wajen zaɓe, tambaye su minti nawa za ka yi riƙe da sitiyari, ba awa nawa ranar take ba. Wani wurin rabin yini a layi za ka yi shi. Ɗalibai nawa ga malami ɗaya, kuma mutum nawa ke raba mota ɗaya? Malamin na shiga mota ko ta rediyo kawai? Akwai sarari a gefen kowane darasi da mota za ta zame ba ta bugi komai ba? In ka lalata motarsu, nawa ne a wuyanka? Ana buƙatar hular kwano, kuma suna ba da aro? In da'irar tsere za a shiga, wasu ba sa karɓar hular babur sai ta tseren mota mai tambarin Snell SA. Motoci masu tsayi ma wasu wuraren na hana su wasu darussa saboda kifewa. In ka ga tallarsu duk hayaƙin taya ne, ba maganar birki da tazara, nemi wata.

Ka sa takalmi mai siririn ƙasa, ka sha ruwa sosai. In jiri ya kama ka a da'ira, faɗa, ba abin kunya ba ne. Yawancin kurakurai bayan azahar suke zuwa, lokacin da gajiya ta shigo mutum kuma ya fara jin ya iya. Bayan kwas, abin da za ka riƙa yi a titi shi ne zama, kallon nesa, da barin daƙiƙa uku tsakaninka da na gaba, wato wajen mita 83 a gudun 100. Zamewa a fili kawai ake gwada ta, kuma in da hali a koma bayan shekara ɗaya ko biyu.

Mai_Sifana:

Ƙari kaɗan na bayan an tashi. Kafin ka fita ƙofa, tabbatar fitilar ESC ta mutu a dashbod, ka mayar da tabarmar ƙafa ka maƙale ta a ƙugiyarta. In ka rage iska da rana saboda zafi, washegari da safe za ka tarar ta yi ƙasa, don haka ka sake aunawa da sanyi ka mayar da ita lambar jikin ƙofa. Notoci ma a sake bin su da sifana bayan sun huce, ba da zafi ba. Dubi kafaɗar tayoyin gaba ta waje, nan ne mai jan gaba ke ci. In ta yi kaushi fiye da ta baya, lokacin juya tayoyi ya yi, muddin zanensu bai yi nisa da juna ba. Feda kuma in ta ƙara tsawo ko ta yi laushi ko da bayan ta huce, man ya tafasa a wani lokaci, a fitar da iska a sa sabo kafin ka yi doguwar tafiya.